Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Cikin dukan darussan Turanci da a ke ba mu a nan kwaleji, babu wanda ɗalibai suka fi yi wa gunaguni kamar darasin tagwayen kalmomi, watau inda malam zai rubuta kalma biyu bisa allo, masu kama da juna kamar Hassan da Husaini, sa'an nan ya juyo ya ce a faɗa masa bambancinsu. Waɗansu 'yan'uwanmu cewa su ke yi neman wahala ne kurum, wai an ƙago shi don a riƙa ka da mutane a jarrabawa, tun da ko wacce ka ɗauka cikin biyun, mai jin Turanci zai gane nufinka. Mu dai da muka fito daga gabashin Sakkwato, wajajen Sabon Birni da Isa, ba mu yarda da wannan magana ba, muna kuwa roƙon malamanmu da abokan karatunmu su yi haƙuri su ji dalilinmu. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. A ƙasarmu mun ga inda 'yar tazarar da ke tsakanin kalma da 'yar'uwarta ta raba gida biyu, ta rage wa sarki girma, har ta sa aka ba wani mai gudun ceton rai takarda da abinci aka bar wani.

Da fari dai, wannan ilmi ba baƙo ba ne gare mu, don tun a zaure muka gamu da shi, kafin mu san akwai wani abu wai shi Turanci. Duk wanda ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafai ya san malamai ba su yarda a ce fakiri da miskini ɗaya ne ba. Su ne na fari da na biyu cikin kashi takwas na mutanen da a ke ba zakka. A mazhabarmu ta Malikiyya, fakiri shi ne mai ɗan abin hannu wanda ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa shi ne wanda ba shi da kome, saboda haka miskini ya fi matsuwa. A wurin Shafi'awa kuwa a juye abin ya ke. To, mai rabon zakka in bai san wannan ba, yaya zai san wanda ya fi bukata? Haka kuma an koya mana kowane manzo annabi ne, amma ba kowane annabi ne manzo ba. An raba mana zakka da sadaka, an raba mana farilla da sunna. Har wani malamin lugga, Abu Hilal al-Askari, wanda ya yi zamani shekara 1,000 da 'yan kai da suka wuce, ya wallafa littafi sukutum a kan bambancin kalmomin Larabci masu kama da juna. Ashe abin da malamin Turanci ya ke nema gare mu yau, shi malamin zaure ya riga ya nema, harshen ne kaɗai ya sake.

In an tambaya me ya sa Turanci ya cika tagwaye haka, amsar tana cikin tarihin masu shi. A shekarar 1066 wani basarake mai suna Wiliyam ya taso daga Nomandi, a arewacin Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan har zamani mai tsawo, da harshen Faransa a ke magana a fada da ɗakin shari'a, talakawa kuwa suna nan riƙe da tsohon harshensu. Da harsunan nan biyu suka gauraya, sai abu ɗaya ya wayi gari da suna biyu, na gona da na fada. Dabbar da talaka ke kiwo "cow" ce ko "sheep", amma in an yanka an kai gaban manya ta koma "beef" ko "mutton". "Ask" ta tsohon harshe ce, tambaya ce ko roƙo. "Demand" kuwa, wadda ta zo daga Faransa, nema ne da ƙarfi irin na mai bin bashi. Mu ma abin da ya same mu ke nan da Larabci ya shigo mana. Akuya mutuwa ta ke yi, mutum rasuwa, annabi ko babban malami kuwa wafati. Wanda ya shiga zaman makoki ya ce wa maraya ya ji ubansa ya mutu, bai yi ƙarya ba, amma ya nuna wa jama'a irin renon da aka yi masa.

Abin da ya fi ba yara wuya shi ne, kowane harshe da inda ya ke sa wuƙarsa, kamar yadda mahautan gari biyu ba su kasa nama iri ɗaya. Bature inda abu ya nufa ya ke dubawa: in daga hannunka ya fita, "lend" ke nan, in hannunka ya shigo, "borrow". Bahaushe da tushe guda ya ke biyan wannan bukata, ya ce na ara masa, ko na ari nasa. Shi abin da ya dame shi daban ne: shin abin nan shi kansa za a mayar, ko madadinsa? In fartanya ce ko jaki, aro ne. In kuɗi ne ko mudun gero, rance ne, don wanda aka ba kashewa zai yi ko ya cinye, ya biya da wani. Turanci bai raba aro da rance ba. Saboda haka kada wani ya zaci Turanci ya fi Hausa bin diddigi. Inda ya tsananta mu mun sassauta, inda muka tsananta shi ya sassauta. Sai dai tun daga 1903 da Turawa suka ci Sakkwato, har yau da mu ke da shekara fiye da 60 da samun mulkin kai, da Turanci a ke rubuta dokokin gwamnati da ke kanmu. Inda wuƙarsa ta faɗa kuwa, nan jikinmu ke ji. Bari mu kawo misalai daga gida.

Na fari shi ne "frontier" da "boundary", waɗanda mu duka iyaka mu ke ce musu. Turawa kansu su kan gauraya su a hira, amma masu ilmin labarin ƙasa sun raba su. Ta farko fili ce mai faɗi, inda ikon wannan sarki ya ke raguwa kaɗan kaɗan har na wancan ya soma, kamar hasken fitila da ba ka iya nuna inda ya tsaya. Ta biyu kuwa layi ce siririya, mai tsawo ba faɗi, wadda mutum zai tsaya a kanta ƙafa guda nan, guda can. Ƙasarmu a ƙarni na 19 irin ta farko ce. Bayan jama'ar Shehu Usmanu sun ci Alƙalawa a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, Gobirawa ba su sallama ba, suka yi ta fafatawa har yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rinjaye su, daga baya suka kafa sabon mazauni a Tsibiri kusa da Maraɗi. Sakkwato ta jera garuruwan ribaɗi a gabas don tsare kanta, Isa na cikinsu. Wani ɗan sarautar Gobir kuma, Ɗan Halima, ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri, ya komo kusa da kufan Alƙalawa ya kafa Sabon Birni a gaɓar gulbin Rima. Tsakanin garuruwan nan akwai dazuzzuka waɗanda ba mai iya bugun ƙirji ya ce nasa ne. Baturen nan matafiyi, Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, sa'ad da ya ratsa dajin Gundumi a 1853 ya nufi wurin Sarkin Musulmi, yini da kwana ayarinsu suka yi suna tafiya ba zango, don tsoron mahara.

Sai ga Turawa sun zo da ta biyu. Ingila da Faransa suka zauna can Turai, a 1890 suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Cadi. A 1898 suka sake shi, suka auna mil 100 daga tsakiyar birnin Sakkwato suka zana baka ta kewaye shi ta arewa. Faransa ta ga hanyar da aka bar mata zuwa Damagaram ba ruwa, ta nemi gyara, a 1904 da 1906 aka turo layin kudu, Maraɗi da Tsibiri suka faɗa hannunta. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamu, guda 148, tun daga Kwara har Cadi. Tun daga ran nan Gobir ta zama biyu, ɗan wa na koyon Faransanci, ɗan ƙane na koyon Turanci, ga su kuwa kaka ɗaya, zane ɗaya a fuska. Yawancin lokaci mutanenmu zamansu su ke yi kamar har yanzu tsohuwar iyaka ce mai faɗi, suna aure da cin kasuwa da kiwo ta ko'ina. Amma ran da gwamnati ta tuna "boundary" ce, sai a ji a jika, kamar yadda aka ji sa'ad da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. Abin takaici, dajin Gundumi da ya tsorata Barth ya koma 'yar gidan jiya a shekarun nan namu, layin kuwa mai jaki da buhun wake ya ke tarewa, mai babur da bindiga wucewarsa ya ke yi.

Na biyu shi ne "king" da "chief". Mu sarki mu ke cewa tun daga Sarkin Musulmi har sarkin pawa, don mun san mai sauraro ba zai ruɗe ba. Turawan mulki ba su so a kira wani "king" cikin ƙasar da ke ƙarƙashin nasu sarkin, saboda haka suka shirya tsani na kalmomi. Sarkin Musulmi, wanda laƙabinsa na asali Amirul Muminina ne, ya zama "Sultan". Manyan sarakuna, galibinsu waɗanda kakanninsu suka karɓo tuta, suka zama "Emir", daga amir ta Larabci. Waɗansu aka ce musu "Chief". Ƙasa da su akwai "District Head", wanda mu a Sakkwato mu ke kira uban ƙasa, Kanawa kuwa su ce hakimi, sa'an nan "Village Head". Kowace kalma da albashinta, da iyakar ikonta, da inda mai ita zai zauna ran taro. To, a dubi yadda abin ya faɗa wa sarautar Gobir. Akwai Sarkin Gobir a ƙasar Sabon Birni, daga tsatson Gobirawa. Akwai Sarkin Gobir a Isa, daga gidan Muhammadu Bello. Akwai shi a Gwadabawa. Akwai shi kuma a Tsibiri. Da Hausa duka suna ɗaya gare su. A takarda kuwa, na wannan gefe iyayen ƙasa ne ƙarƙashin majalisar Sarkin Musulmi, na Tsibiri kuma gwamnatin Nijar ta ɗaga shi zuwa matsayin "Sultan" a 2010. Sarautar da Bawa Jangwarzo ya riƙe a Alƙalawa, maƙwabta na rawar jiki in an ambace shi, yau girmanta ya rataya ga gefen layin da mai ita ya kwana, da kalmar da magatakarda ya zaɓa masa.

Mun ga wannan da idonmu a 2024. A watan Yuli 'yan bindiga suka tare Sarkin Gobir Alhaji Isa Muhammad Bawa, uban ƙasar Gatawa, a hanyarsa ta komowa daga Sakkwato, suka shiga daji da shi da ɗansa, a watan Agusta aka ji rasuwarsa a hannunsu. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Jaridun Turanci na kwanakin nan, wata ta ce "Emir", wata ta ce "District Head", wata ta ce "monarch". Mai karatu a Ikko da ya ga ta farko zai ce lalle an taɓa babban bango. Wanda ya ga ta biyu kuwa zai ɗauka wani ƙaramin ma'aikaci ne aka rasa. Mu da muka san abin da tambarin Gobir ke nufi, ba mu ga ko ɗaya cikinsu da ta ɗauki nauyin abin da ya auku ba.

Na uku shi ne wanda ya fi taɓa mu cikin aikin malanta. Duk wanda tsoro ya kore shi daga gida, ɗan gudun hijira mu ke ce masa, kalma ce kuwa mai daraja a ƙasar nan, tun da Shehu da jama'arsa hijira suka yi daga Degel zuwa Gudu a 1804. Turancin doka ya raba shi biyu, "refugee" da "displaced person". Bisa yarjejeniyar Jeniba ta 1951, ba a ce wa mutum "refugee" sai ya ƙetare iyakar ƙasarsa. Ta ƙasashen Afirka ta 1969 kuma ta faɗaɗa ƙofar, ta shigar da wanda ya ƙetare saboda fitinar da ta dagula zaman lafiya. Wanda ya sami wannan suna, ba a kora shi ya koma inda ya ke tsoro, akwai kuma hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa musamman dominsa. Wanda ya gudu amma bai ƙetare ba, nauyinsa na wuyan gwamnatinsa, sai a 2009 ƙasashen Afirka suka yi masa tasa yarjejeniyar a Kampala. A watan Satumba na 2019 hukumar nan ta ba da labari cewa mutum fiye da 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallaka jihar Maraɗi. Da yawansu ƙauyukan Gidan Rumji suka sauka, daga baya aka matsar da waɗansu nesa da iyaka, zuwa garuruwa kamar Cadakori da Garin Kaka.

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, mun tarar da yara cikin aji waɗanda iyayensu suka baro ƙauyukan gabas suka sauka gidajen dangi, waɗansu ma cikin kango. Ran da muka zo kan kalmar "refugee" cikin littafin karatu, wata yarinya 'yar aji shida ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, watau mu ke nan?" Dare ɗaya aka tashi garinsu, gwaggonta ta yi arewa da 'ya'yanta, su kuwa suka yi yamma. Gwaggon an rubuta sunanta can, an ba ta kati. Dole muka gaya wa yarinyar cewa a Turancin doka gwaggonta ce "refugee", ita kuwa wani suna gare ta. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Amma ai bindiga ɗaya ce ta kore mu." Gaskiya ta faɗa, ba kuwa abin da za mu ƙara mata a kai. Duk da haka ya fi mata ta san sunan da a ke kiranta da shi a ofis, don ran da ta isa rubuta takardar neman hakkinta, ta san ƙofar da za ta buga, da wanda nauyinta ke wuyansa.

Na huɗu shi ne sunan waɗanda suka kore ta. Turanci ya raba "thief" da "robber" kamar yadda muka raba ɓarawo da ɗan fashi, kamar yadda kuma fiƙihu ya raba sata da hiraba, kowacce da hukuncinta. "Bandit" ɗan fashin daji ne, dukiya ya ke nema. "Terrorist" kuwa mai kisa ne da tsoratarwa don ya tilasta wa jama'a ko gwamnati bin nufinsa. An daɗe ana gardama a kan wanne ya dace da mutanen dajin nan, har a watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa aikinsu ta'addanci ne, a Janairu 2022 gwamnati ta fito da hukuncin cikin jaridarta ta doka. Wani abin lura, da Turanci aka rubuta takardar, amma da aka zo faɗin sunayen ƙungiyoyin sai aka ari Hausa, aka ce 'Yan Bindiga da 'Yan Ta'adda. Sake sunan nan ba wasa ba ne, don ya sa dokar ta'addanci ta hau kansu, da kan mai taimaka musu da kuɗi ko kaya. Amma fa mu faɗi gaskiya duka. 'Yan kwanaki bayan hukuncin kotun, cikin Disamba 2021, aka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa, aka banka mata wuta, mutum fiye da 20 suka halaka. Hausawa sun ce suna linzami ne, sai dai linzami ba ya juya doki in ba mahayi a bisa. Wanda ya zaci gyara kalma kaɗai ya isa, ya ba ta aikin da ba nata ba.

Akwai kuma wata kalma da ke bakinmu mu kanmu, wadda mu ke ganin haɗari cikinta. Garuruwa da yawa a ƙasar Sabon Birni da Isa an sha aza musu kuɗi su biya kafin a bar su su yi noma ko girbi. Mu da bakinmu haraji mu ke ce masa, jaridu kuma su rubuta "tax" ko "levy". Alhali haraji abu ne da hukuma ke karɓa bisa doka, ta ba da rasit, mai biya kuma yana da ikon ya tambayi abin da aka yi da shi. Kakanninmu sun biya wa En'e haraji da jangali, suna ƙorafi ƙwarai, amma sun san baitulmalin da kuɗin ya shiga. Abin da a ke karɓa da bakin bindiga sunansa "extortion", watau ƙwace, wanda a ke biya don a sako mutum kuwa "ransom", watau fansa. Ba mu zargin talakan da ya biya don ya tsira da ransa da na iyalinsa, mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Amma yaron da ya tashi yana jin ana ce wa ƙwace haraji, a hankali zai ɗauka mai karɓar nan hukuma ne. Saboda haka a cikin aji dai, bisa allo, ya kamata a kira abu da sunansa.

Haka nan "herder" da "bandit". Kiwo sana'a ce ta halal, Fulanin da mu ke maƙwabtaka da su tun kaka da kakanni, waɗanda matansu ke kawo mana nono, da yawansu su aka fara kore wa shanu. Wanda ya rubuta ɗaya a gurbin ɗaya ya ɗauki laifin waɗansu ya aza wa al'umma guda. An ga inda irin wannan gaurayawa ta sa aka kashe marasa laifi a kasuwa, ramuwa ta biyo baya, wuta ta daɗa ruruwa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, balle wadda aka buga a takarda.

Watakila wani ya ce, duk wannan me ya haɗa shi da malamin ƙaramar makaranta? Abin da ya haɗa su shi ne, a zamanin Turawa tafinta ke tsayawa tsakanin Razdan da talaka, abin da ya fito bakinsa shi a ke rubutawa. Yau ma tafintan na nan, sun sake riga ne kawai: akawun kotu ne, da ɗan jarida, da mai cika wa mutane takardar agaji, da mai fassara labarai a rediyo. Dukansu kuwa ta gaban malamin makaranta suka bi, ta gabanmu kuma na gobe za su bi. In muka sallame su suna ganin kowace kalma daidai ta ke da 'yar'uwarta, to, iyayensu ne za su biya kuɗin sakacin.

Ga 'yar shawarar da mu ke da ita ga 'yan'uwa masu shirin fita aiki. Kada a ba yaro kalmar Hausa ɗaya a madadin kalma biyu na Turanci a ce an gama. In Hausa ba ta raba su ba, a bayyana masa da jimla, jimlar kuwa a ɗauko ta daga garinsu, daga gona ko kasuwa ko fada. A koya masa ya riƙa tambayar wa ke faɗin wannan kalma, me kuma ke biyo bayanta in an faɗe ta, kati ne, ko albashi, ko ɗauri. Sa'an nan a juya masa darasin, a ba shi tagwayen Hausa da Turanci ya dunƙule wuri ɗaya, ya yi ƙoƙarin bayyana su da Turanci. "Brother" ta haɗe wa da ƙane, "aunt" ta haɗe gwaggo da inna, "uncle" ta haɗe baffa da kawu, alhali ko yaro ya san baffa na iya zama waliyyin aure, kawu kuwa ba ya cikin jerin waliyyai. Yaron da ya ga harshensa ma yana da inda ya fi tsanantawa, ba zai ƙara jin Turanci kamar dodo ba, zai ɗauke shi abokin gwaji. A kuma saba masa da ƙamus tun da wuri. Na Bargery da aka buga a 1934, da na Abraham na 1949, har yau suna da amfani, na Bargery ma ya kan nuna kalmar da ta ke ta Sakkwato ce ko ta Katsina. Amma ƙamus ma'ana ya ke bayarwa, nauyin kalma kuwa sai da yawan karatu da sauraron masu amfani da ita a ke gane shi.

Iyakar abin da muka ga ya kamata mu sa gaban jama'a ke nan. Mun san abokan karatunmu na waɗansu ƙasashe suna da nasu misalan, muna fata su rubuto su a fitowa ta gaba, mu ma mu ƙaru. Muna godiya ga malamanmu na zaure da na boko, waɗanda suka hana mu gaggawar cewa abu biyu ɗaya ne. Allah ya saka musu da alheri. Allah ya kawo wa ƙasar Gobir zaman lafiya, ta wannan gefe da ta wancan, ya mai da masu gudun hijira gidajensu, ko da wane suna aka rubuta su. Amin.